Tambaya da Amsa: Tsohuwar Jita da Sabuwar Maimaicinta, Daga Ina Bambancin Amo Yake Fitowa?

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe, wadda ba a jona ta da lantarki, da gardamar da ta ƙi ƙarewa tsakanin masu riƙe da tsofaffin ƙirar Amurka da masu sayen sababbin da kamfanonin suka sake ƙerawa a kan tsohon samfuri. Waɗannan sababbin za mu riƙa ce musu maimaici. Ga kalmomin da za su yi ta dawowa: fuska ita ce allon gaba mai rami, haƙarƙari su ne sandunan da aka manna a bayan fuskar daga ciki, jaki shi ne katakon da tsirkiya ke ɗaure a kansa, ƙashin jaki kuwa shi ne siririn farin abin nan da tsirkiyar ke hawa kafin ta shige raminta a jikin jaki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin cewa jitar Martin ko Gibson ta shekarun 1930 da 1940 tana da amon da sabuwa ba za ta taɓa kamowa ba, ko da kamfanin ne da kansa ya maimaita ƙirar. Gaskiya ne, ko kuwa kirarin 'yan kasuwa ne? In gaskiya ne, wane irin amo ne wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai gaskiya a maganar, akwai kuma ƙarin gishiri.

Mu fara da abin da kunne ke ji. Tsohuwar jita mai lafiya, irin D-18 ko D-28 ta Martin ta wajen 1937, ko J-45 ta Gibson ta lokacin yaƙin duniya na biyu, tana da saurin amsawa. Da ka taɓa tsirkiya amon ya fito, ba sai ka matsa mata ba. Uwar amon tana fitowa fili, ƙananan amon da ke mata rakiya ba su da yawa, shi ya sa in ka buga tsirkiya shida a lokaci guda kana iya rarrabe kowacce. Makaɗa kan ce amonta busasshe ne. Amon ƙasa yana da kauri, amma ba ya tsayawa yana gunji, yakan faɗi da wuri ya ba na gaba wuri. Sabuwa kuwa sau da yawa amonta ya fi ƙyalli, ya fi daɗewa a iska, sai dai yana da ɗan tauri, kamar takalmin da ba a taka ba tukuna.

A ganinmu kaso mafi girma na wannan bambancin daga ƙira yake, shekaru na biye. Fuskar jita allo ne mai kaurin milimita 2.5 zuwa 3, kuma yana ɗauke da jan tsirkiya na kilo 75 zuwa 85 dare da rana. Haƙarƙari ne ke hana shi ɓallewa, amma duk nauyin da aka ƙara musu daga amo ake cire shi. Martin, kamfanin da ke Nazareth a jihar Pensilbaniya, yana jera manyan haƙarƙari biyu a gicciye kamar harafin X tun ƙarni na 19. A tsakiyar shekarun 1930 mahaɗar X ɗin tana kusa da ramin fuska, tazarar kamar santimita 2.5, sannan ana fafe tsakiyar sandunan da ke ƙasan jaki har su yi kwari tsakanin tudu biyu. Wannan yana barin faffaɗan ɓangaren fuskar yana rawa a sake. Matsalar ita ce makaɗan lokacin sun koma ga tsirkiya mai kauri don neman ƙara, fuskoki suka fara kumbura a bayan jaki, jitoci suna komawa masana'anta. Sai a 1938 aka ja mahaɗar baya zuwa wajen jaki, a ƙarshen 1944 kuma aka daina fafe haƙarƙarin gaba ɗaya. Wajen 1946 katakon fuska ya sauya daga sifurus na Adirondack zuwa sifurus na Sitka. Akwai kuma wani ɗan faifai da ake mannawa a ƙarƙashin jaki daga ciki, inda ƙullin tsirkiya ke maƙalewa: da can ƙarami ne na katakon mefil, a ƙarshen shekarun 1960 aka mayar da shi babba na rozwud mai nauyi, ba a koma ga mefil ba sai 1988. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauyen ya ƙara wa jitar ƙarko, ya rage mata sakewa. To in ka ajiye D-28 ta 1937 kusa da ta 1972, kayan kiɗa biyu ne daban masu suna ɗaya, kuma shekaru 35 da ke tsakaninsu su ne ƙaramin dalili.

Sai maganar maimaicin kansa, domin ba duka suka zama ɗaya ba. Wani ado kawai ya ɗauko: launin fuska, zanen gefe, siffar kunnuwan ɗaure tsirkiya. Wani ya shiga ciki. HD-28 da Martin ya fitar a 1976 ta dawo da fafaffun haƙarƙari. Jerin Authentic, wanda ya fara da D-18 Authentic 1937 a 2005, ya dawo da sifurus na Adirondack, da gam ɗin fata, da siffar haƙarƙari ta shekarar da aka kwaikwaya. Irin wannan maimaicin yana matsowa kusa ƙwarai. Na Gibson kuwa akwai tambayar da ya kamata a yi: wacce J-45 aka kwaikwaya? An fara ƙera ta a Kalamazoo a 1942, lokacin da yaƙi ya janye ƙarfe da katako da ma'aikata maza, mata da yawa suka hau teburin aiki. Daga wannan zamanin akwai masu fuskar mahogani, akwai masu bayan mefil, akwai masu ƙaton wuya ba rodin ƙarfen da ke hana shi lanƙwashewa a ciki. Maimaicin da ake yi yau a Bozeman ta jihar Montana dole ya zaɓi ɗaya.

Abu na ƙarshe, wanda masu kirari ba su cika faɗa ba: tsofaffin da muke ji yau zaɓaɓɓu ne. Mai daɗin amo ita aka riƙa kaɗawa, aka kashe mata kuɗin gyara, aka gada. Marasa daɗi da yawa sun ruɓe a ɗakin ajiya. Kana gwada gwarazan wancan zamani ne da duk abin da ya fito daga masana'anta a makon jiya.

Tambaya: To shi katakon, yana sauyawa da shekaru ko a'a? Na ga ana tallar jita mai "gasasshiyar fuska" wai tana ba da amon shekara tamanin tun ranar farko.

Amsa: Yana sauyawa. Katako ya ƙunshi zaruruwa masu ƙarfi da wani sinadari mai kama da sukari, hemiselulos, wanda shi ne ya fi shan danshi. Da tafiyar shekaru wannan sinadarin yana raguwa a hankali, ƙaron da ke cikin itacen yana daskarewa, allon ya ɗan rage nauyi, ya rage shan ruwa daga iska. Allon da ya fi sauƙi, kuma bai haɗiye rawar da aka ba shi ba, shi ne mai saurin amsawa. Ga kuma jan tsirkiya na shekaru da ya sa fuskar ta zauna a siffa ɗaya: ɗan kwari a gaban jaki, ɗan tudu a bayansa.

Gashin da kake magana a kai aiki ne na gaske. Ana sa allon a tanda da aka janye mata iskar oksijin don kada ya kama wuta, a kai zafi wajen digiri 160 zuwa 200 na ma'aunin Salshiyas, a bar shi sa'o'i, sannan a mayar masa da ɗan danshi. Ya fito da launin zuma, ya yi sauƙi, ya rage kumbura da motsewa in yanayi ya sauya. Yamaha na da nasu tsarin da suke kira A.R.E., Martin ya kawo nasa mai suna VTS a 2015, Bourgeois na kiran nasa Aged Tone, Gibson ma yana yi. A kunne, gasasshiyar fuska takan fito da wannan bushewar da saurin amsawa tun tana sabuwa, kuma ba ta cika yin babban sauyi a shekarun farko ba kamar ɗanyar fuska.

Inda take da rauni: gasasshen katako ya fi gautsi. In aka ƙetare iyaka wajen gashin, sai ya riƙa tsagewa wajen huda ramukan jaki, kuma in za a ɗaga jakin don gyara zaruruwan fuskar kan biyo shi. Gam ma yana buƙatar ƙarin kula domin allon ba ya tsotse shi kamar ɗanye. Mu dai muna ɗaukar gashi a matsayin ƙari mai amfani a kan ƙira mai kyau. Jitar da aka cika wa haƙarƙari, ko an gasa fuskarta, a toshe za ta zauna.

Tambaya: Malamai, wani dillali ya ce min sirrin duk yana ga rozwud ɗin Barazil, tun da aka daina amfani da shi amo ya tafi. Ya kuke gani?

Amsa: Katako ne mai kyau, mai tauri, in ka ƙwanƙwasa shi yana ƙara kamar gilashi. Martin ya daina sa shi a jitocinsa na yau da kullum a 1969, ya koma rozwud ɗin Indiya, a 1992 kuma CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da namun daji, ta sa shi a jerin farko, wato jerin da aka fi tsananta wa ciniki tsakanin ƙasashe. Shi ya sa maimaicin D-28 na jerin Authentic ya zo da rozwud ɗin Madagaska, daga baya na Gwatamala.

Amma baya da gefuna ba su ne ke haifar da amo ba, fuska ce. Tun 1862 Antonio de Torres, mashahurin maƙerin Sifen, ya haɗa jita mai baya da gefunan takarda da aka daskarar, don ya nuna hakan. A 2018 an wallafa wani bincike na masana daga Jami'ar Lancaster ta Ingila: maƙeri ɗaya na kamfanin Fylde ya haɗa jita shida iri ɗaya, bayansu da gefunansu kaɗai suka bambanta, rozwud ɗin Barazil, na Indiya, mahogani, mefil, safele da walnot. Makaɗa 52 suka kaɗa su a ɗaki mai duhu sanye da tabarau irin na masu walda. Makin da suka ba jitocin ya yi kusan daidai, kuma da aka gwada ko za su iya rarrabe su da kunne, da ƙyar suke iyawa. Wannan bai nuna babu bambanci ko kaɗan ba, amma ya nuna ƙanƙantarsa in aka kwatanta da kuɗin da ake ɗora masa. Farashi da amo hanyoyinsu daban ne. D-18E ta 1959 da mawaƙin Amurka Kurt Cobain ya kaɗa an sayar da ita kimanin dala miliyan 6 a 2020, alhali samfuri ne da aka ɗora wa fuskarsa na'urorin lantarki biyu da maɓallai masu danne amo. Tarihin mai ita aka saya.

Gargaɗi ɗaya: in za ka ƙetare iyakar ƙasa da jita mai rozwud ɗin Barazil, ko mai ƙashin jaki na hauren giwa kamar yadda tsofaffi da yawa suke, nemi takardun CITES kafin tafiya. Sassaucin da aka yi wa kayan kiɗa a 2019 ya shafi sauran nau'o'in rozwud ne, bai shafi na Barazil ba.

Tambaya: Gam ɗin fata da siririn fenti, suna da tasiri ko ado ne na talla?

Amsa: Fenti yana da tasirin da ake iya ji. Tsohon fentin naitiro siriri ne tun asali, wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma yana ci gaba da bushewa yana nutsewa cikin katako har ka ga layin itacen ya fito ta cikinsa. Fentin roba mai kauri da ake zuba wa jitoci masu araha yana iya ninka wannan sau uku ko fiye, kuma a kan allon milimita 3 wannan riga ce mai nauyi. Kaurin ne abin dubawa fiye da sunan fentin: fentin zamani da aka fesa siriri ba ya danne fuska.

Gam ɗin fata, wanda ake narkarwa a wajen digiri 60 a shafa da zafinsa, Martin ya yi amfani da shi har tsakiyar shekarun 1960. Yana bushewa da tauri kamar gilashi, ba ya jan jiki a ƙarƙashin nauyi kamar farin gam, kuma da zafi da tururi ake warware shi a sake mannawa ba tare da an kankare katako ba. Don gyara kaɗai ya cancanci kuɗinsa. Tasirinsa a amo kuwa, in akwai, ƙarami ne ƙwarai a kan na haƙarƙari.

Tambaya: Ni mace ce mai koyon kiɗa, na sayi maimaici wata uku da suka wuce. Amonta yana min tauri. An ba ni shawarar in sayi na'urar da ake maƙala wa tsirkiya ta yi ta girgiza jitar kwana da kwanaki, wai tana tsufar da ita. In saya?

Amsa: 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna. A 2014 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada wannan: suka ɗauki jitoci bibbiyu iri ɗaya, suka girgiza ɗaya na tsawon kwanaki suka bar ɗaya, suka auna, suka kuma ba makaɗa su kaɗa ba tare da sanin wacce ce wacce ba. Ba su sami sauyin da za a jingina wa girgizar ba. Sabuwar jita takan saki jiki a watanninta na farko, gam da fenti suna gama bushewa, fuska tana zama a ƙarƙashin jan tsirkiya, kuma fuskar Adirondack ta fi ta Sitka jinkiri domin ta fi tauri, tana son hannu mai ƙarfi. Hannunki ma yana koyon inda jitar ke so a taɓa ta.

Abin da zai sauya miki amo yau-yau shi ne tsirkiya. Wadda ta fi yawa a kasuwa yanzu, mai naɗin tagulla da fosfo, D'Addario ne ya kawo ta a 1974, wato tsofaffin faya-fayan da kike ji na shekarun 1940 da 1950 ba da ita aka kaɗa su ba. Gwada mai naɗin monel, gaurayen nikel da jan ƙarfe: tana rage ƙyalli, tana fito da amon katako, ita ce ta fi kusa da busasshen amon nan. Mai naɗin da ake kira 80/20, gaurayen jan ƙarfe da zinki, tana farawa da haske sosai, bayan kwana uku ko huɗu ta lafa ta yi daɗi. Sannan makaɗin roba: siriri mai kaurin milimita 0.6 yana ƙara kaskas a saman amo, mai milimita 1.2 zuwa 1.5 yana fito da uwar amon. Ki sa a duba ƙashin jaki ma. In gindinsa bai zauna daram a cikin raminsa ba, ko an cusa masa takarda a ƙasa don ɗaga shi, rawar tsirkiya ba ta isa fuska gaba ɗaya.

Tambaya: Na gāji jita daga kawuna, ƙirar wajen 1973. Kowa na cewa tsohuwa ce mai daraja, amma ni amonta a toshe nake jin sa, tsirkiyar ta yi nisa da wuya, yatsuna har ciwo suke. Ni ne ban iya ba?

Amsa: Allah ya jiƙan kawu. Ba laifin hannunka ba ne. Shekarun 1970 lokaci ne da manyan kamfanoni suka ƙara wa jitoci nauyi don rage masu dawowa gyara. Mun ambaci babban faifan ƙarƙashin jaki na Martin. Gibson kuwa a farkon shekarun ya koma haƙarƙarin X biyu, kafin nan ma a shekarun 1960 ya riƙa sa jaki mai kusoshin ɗagawa, har da jakin roba a wasu ƙananan samfura. Amma kafin ka ɗora wa ƙira laifi, duba lafiyarta, domin yawancin tsofaffin da ke toshe rashin lafiya ne ke damun su. Kana buƙatar miƙaƙƙen ma'aunin ƙarfe mai tsawon santimita 60, ƙaramin ma'auni mai milimita, ɗan madubi da tocila.

Firet su ne siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuya, ana ƙirga su daga kan jita. Fara da tazarar tsirkiya a firet na 12, daga saman ƙarfen firet zuwa ƙasan tsirkiya. Daidai shi ne wajen milimita 2.4 a tsirkiya mai kauri, 1.6 a siririya. In ka ga 3.5 ko 4, akwai magana. Danna mai kaurin a firet na 1 da na 14 lokaci guda, ka dubi ratar da ta rage a firet na 7: kada ta wuce kaurin katin suna, wato milimita 0.15 zuwa 0.25. In ta wuce, wuyan ya lanƙwashe. Mai rodin da ake juyawa ana gyara shi da rubu'in juyi a kowane karo, amma ka sani Martin bai fara sa irin wannan rodin ba sai 1985, na kafin nan sai mai gyara ya daidaita shi ta hanyar firet.

Sai babban gwaji. Kwantar da dogon ma'aunin a kan firet, tsakanin tsirkiya ta uku da ta huɗu, ka tura shi zuwa jaki. Bakinsa ya kamata ya sauka daidai saman katakon jakin. In ya ci karo da jikin jakin, milimita 2 ko 3 ƙasa da samansa, jan tsirkiya na shekara hamsin ya karkato da wuyan gaba. Maganinsa a cire wuyan da tururi, a gyara kusurwar dunduniyarsa, a mayar. Aiki ne na ƙwararre, kuma kusan kowace tsohuwar jita sai ta buƙace shi sau ɗaya a rayuwarta. Abin da ke kashe amo shi ne gajeriyar hanyar da ake bi don guje masa. Don a rage tazarar milimita 1 a firet na 12 sai an rage milimita 2 a ƙashin jaki, to sai a yi ta goge ƙashin har ya kusa ɓacewa, in ya ƙare a fara fere jakin kansa. Tsirkiyar da ya kamata ta tashi milimita 12 zuwa 13 daga fuska a gaban jaki sai ta dawo 9. Ƙarfin da take murɗa fuskar da shi ya ragu, ba ta kuma danne ƙashin da kyau. Jita ta yi shiru, a ce tsufa ne.

Daga nan sassauta tsirkiya ka sa madubi da tocila ciki. Nemi haƙarƙarin da ya saki, za ka ga duhun rata a ƙarshensa. In ka ƙwanƙwasa fuskar da yatsa a hankali wurin zai yi ƙarar kwano mai tsaga. Dubi faifan ƙarƙashin jaki: in ƙullin tsirkiya ya cinye bakin ramukan yana nutsewa ciki, ana cike su da katako a sake hudawa. Daga waje, gwada tura kusurwar takarda a ƙarƙashin bayan jaki. In ta shiga, jakin ya fara ɗagowa, a cire shi a sake mannawa, kada a ɗura gam ta gefe. Duba kuma gefen garkuwar fuska, wato faifan da ke kare ta daga karce, kusa da tsirkiya ta biyu. A tsofaffin Martin ana manna garkuwar a kan ɗanyen katako kafin fenti, in ta motse da shekaru sai ta ja fuskar ta tsaga ta a wannan layin. Na ƙarshe, auna daga ƙashin kai, wato wanda tsirkiya ke hawa a ƙarshen wuya, zuwa firet na 12, ka ninka biyu, ka ƙara kamar milimita 2: nan ya kamata siririyar tsirkiya ta hau ƙashin jaki. A wasu jitocin wancan zamani an manna jakin gaba da inda ya dace, sai amo ya riƙa haurawa sama in ka hau wuya. Ana cike ramin ƙashin a yanka sabo a daidai wurin.

Jitar 1973 da aka gyara wa wuya, aka sa mata cikakken ƙashi, aka manne haƙarƙarinta, takan ba mai ita mamaki. Kada dai ka yarda a sake mata fenti don ta yi ƙyalli: ana kankare fuska wajen yin haka, darajarta a kasuwa kuma tana faɗuwa sosai.

Tambaya: In na sami damar ajiye tsohuwa da maimaici gefe da gefe, yaya zan gwada su ba tare da na ruɗi kaina ba?

Amsa: Ido yana yi wa kunne raɗa, wannan tabbatacce ne. A gwaje-gwajen da Claudia Fritz da abokan aikinta suka wallafa a 2012 da 2014, ƙwararrun makaɗan bayolin da aka rufe wa gani sun kasa rarrabe ƙirar Stradivari, tsohon mashahurin maƙerin Italiya, da sababbi fiye da yadda mai cankar sa'a zai yi, da yawansu ma sabuwa suka zaɓa. Bayolin ba jita ba ce, amma kunnen ɗan Adam ɗaya ne.

Don haka sa wa duka biyun tsirkiya iri ɗaya, kauri ɗaya, a rana ɗaya, ka bari su kwana biyu. Makaɗin roba ɗaya, kujera ɗaya, nesa da kusurwar ɗaki domin kusurwa tana ƙara amon ƙasa. Ka fara kaɗawa a hankali da yatsa, nan tsohuwa mai sauƙin jiki take nuna kanta. Sannan ka buga da ƙarfi ka ji wacce ke fara shaƙewa. Bi kowace tsirkiya firet bayan firet, ka tsaya a amon G na firet na 3 a tsirkiya mai kauri da maƙwabtanta: iskar cikin babbar jita tana rawa ne wajen sau 100 a daƙiƙa, kuma in ta faɗa daidai kan wani amo sai ya fito da ƙarfi ya mutu nan take. Bayan haka ba wani ya kaɗa, kai ka tsaya taku huɗu nesa ka juya baya, domin abin da mai kaɗawa ke ji daga sama daban yake da abin da ke isa ga mai sauraro. Ya riƙa jefa kwabo yana zaɓar wadda zai ɗauka, sau goma, kai kana faɗa. In ka dace sau biyar ko shida, sa'a ce. In ka dace sau tara ko goma, da gaske kana jin bambanci, domin damar yin haka da canka kusan ɗaya ce cikin ɗari. Ka kiyaye da wadda ta fi ƙara, kunne yakan ɗauki ƙara a matsayin daɗi. In don ɗaukar sauti kake nema, naɗa duka biyun da makirufo ɗaya, tazarar santimita 30 daga inda wuya ya haɗu da jiki, ka daidaita ƙarfinsu kafin ka saurara. A nan busasshen amo yakan yi nasara domin ba ya cushe wa muryar mawaƙi wuri.

Tambaya: Wace kulawa ce ta bambanta tsakanin su biyun?

Amsa: Duk biyun suna son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Sayi ƙaramin ma'aunin danshi ka sa a cikin akwatinta. In ya sauka ƙasa da 40 ya daɗe, fuska tana motsewa ta faɗa ciki, tsirkiya ta fara zuzu, bakin firet ya fara kartar hannu, daga nan sai tsaga. Jiƙaƙƙen soso da aka matse sosai, a cikin ɗan kwanon roba mai huji, a rufe cikin akwatin, ya wadatar. Kada ruwa ya taɓa katako. In danshi ya haura 65, fuska tana kumbura, amo ya dushe, gam ɗin fata kuma ba ya son haɗuwar zafi da laima, don haka kada a bar ta a rufaffiyar mota.

Bambancin yana ga tsirkiya. Maimaicin babbar jita yana ɗaukar mai lambar kauri 13 zuwa 56, daga siririya zuwa mai kauri, lafiya. Tsohuwa mai fafaffun haƙarƙari, musamman ƙananan samfura, fara ta da 12 zuwa 53, ka riƙa duban bayan jaki da ma'auni duk bayan 'yan watanni. Wadda aka ƙera kafin shekarun 1920 kuwa mai yiwuwa don tsirkiyar hanji aka yi ta, kada a ɗaura mata ƙarfe sai mai gyara ya leƙa cikinta ya amince. Fentin naitiro, tsoho ko sabo, yana narkewa in ya daɗe a jikin roba irin ta wasu matsayan jita da igiyoyin rataya, don haka naɗe wurin da zanen auduga. In kuma ta shigo daga sanyi, bar ta a rufe cikin akwati sa'a biyu ko uku kafin ka buɗe, in ba haka ba fentin zai yi tsage-tsage kamar saƙar gizo.